Da'irar da ta Karkace a Bangon Gimbiya

Mijina mai fenti ne, kuma duk layinmu babu gidan da bangonsa ya kai namu dauɗa. Ya shafe gidajen mutane, ya ƙawata ofisoshi, shagon mai askin bakin titi ma shi ya yi masa adon da har yau ake tsayawa ɗaukar hoto a gabansa. Amma ƙofar kicin ɗina tun da muka tare take jiran fentin da kullum sai mako mai zuwa. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Haba Maman Gimbiya, gidan namu ne, ina zai je?"

Gimbiya ita ce 'yarmu, ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta goma sha uku. Uban ne ya laƙaba mata sunan tun tana zanin goyo, ya bi ta har makaranta. To wannan gimbiyar tasa, a ɗakin da ya mayar sito take kwana. Gado a gefe ɗaya, gwangwanayen ragowar fenti jere a ɗaya gefen har kusan taga, ga tsani a jingine bayan ƙofa. Na lura kullum ita ke zuwa gidan ƙawayenta, ba ta taɓa kawo ko ɗaya ba. Ran da na tambaye ta dalili, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "A ina za su zauna, Mama? A kan gwangwani?" Wallahi maganar ta soke ni.

Amma akwai abin da ya fi ɗakin damuna. Baban Gimbiya idonsa ba ya iya ganin abu a karkace ya bar shi. Tana firamare ta zana gida ta kawo masa da gudu, ya ce ya yi kyau, sai ga shi ya ɗauko rula yana daidaita rufin. In ta gyara gado sai ya bi baya ya ja zanin. In ta jera takalma sai ya sake jerawa. Ba mugunta ba ce, son ta yake kamar ransa, hannun ne ba ya jin magana. Yarinya kuwa a hankali ta daina nuna masa komai. Ta gaishe shi, ta ci abinci, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Shi kuma ya zo ya ishe ni da mita: "Yarinyar nan ta daina yi min hira, ko na yi mata wani laifi ne?" Na gaya masa laifin har bakina ya gaji, sai ya ce ai gyara ba laifi ba ne.

Rannan muna cin abincin yamma Gimbiya ta ajiye cokali ta ce tana so ta gyara ɗakinta. Kafin ta rufe baki uban ya miƙe yana laluben tef ɗin awo a aljihu, har ya fara lissafo kalolin da za su dace.

"Baba, ni zan yi," in ji ta. "Da hannuna. Ka kwashe gwangwanayenka, ka bar min ragowar da na zaɓa. Kuma ka yi min alkawari ba za ka taɓa komai ba."

Ya kalle ni, na kau da kai. Ya ce, "Ko shawara?"

"Ko shawara."

Ya koma ya zauna a sanyaye. "To, na yi alkawari. Ga mamanki nan shaida."

Na ce, "Ai kuwa na shaida, kuma ba na mantuwa."

Ranar hutun ƙarshen mako aka fara. Shi ya yi dakon gwangwanaye zuwa ƙarƙashin matakala, yana yi yana huci, don an hana shi komai sai ɗauka. Ita ta bubbuɗe su ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, ta ware fenti ruwan madara na bango duka, da wani ɗan fenti ruwan lemu da ya rage daga aikin wata makarantar yara. Ni kuma aka mayar da ni 'yar aike. Na je wurin mai sayar da kayan marmari na roƙo akwatunan katako da yake zubarwa, muka wanke su, ta goge su sumul, ta ɗora wani kan wani suka zama kantar littattafai. Wani tsohon zanin gado mai ratsi da na daɗe da jefawa ƙasan akwati, shi na yanka na ɗinke mata labule. Madubin da ya yi shekaru a bayan sif aka fito da shi, ta shafa wa firam ɗin ruwan lemu. Ta ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, ta maƙala hotunanta da na ƙawayenta da abin shanyar kayana, wanda har yau ba a dawo min da su ba.

Babban aikin shi ne da'ira. Ta gani a waya: babbar da'ira a bangon kan gado, kamar rana za ta faɗi. Ta buga ƙusa a tsakiya, ta ɗaura zare, ta ɗaure fensir a ɗaya bakin, ta zagaya. Dabara mai kyau, sai dai zaren saƙata ta ɗauka, shi kuwa miƙewa yake in an ja. Ta wajen hagu ta tafi daidai. Da ta zo dama hannunta ya gaji, ta ja da ƙarfi, da'ira ta yi ciki ta fito kamar ƙwai. Ga kuma wani ɗigon fenti da ya gangaro daga ƙasanta ya bushe a hanya.

Duk wannan Baban Gimbiya yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa biyu a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya tamau. Na ga leɓensa yana motsi. Na taka masa ƙafa. Gimbiya ta sauko daga kan kujera, fenti har a gira, ta ja da baya ta kalli aikinta, sannan ta saci kallonsa.

Ya ce, "Kalar ta fito."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kuma na san ya yi ƙoƙari. Ɗakin dai ya yi kyau, tsakani da Allah. Haske ya shigo ta labulen ya bugi ruwan madarar nan, sai ka rantse an ƙara wa ɗakin faɗi. Gimbiya ta ce ranar Asabar mai zuwa ƙawayenta za su zo.

Ranar Litinin da safe ta tafi makaranta. Ni ma na shirya zan wuce shagon ɗinkin da nake aiki, har na kai ƙofa na tuna na bar almakashina a ɗakinta. Ina turawa, wa zan gani? Bawan Allah a tsaye gaban da'ira, ya karkata kai gefe, siririn buroshi a hannu, ɗan gwangwanin ruwan madara a buɗe a ƙasa.

"Baban Gimbiya!"

Ya zabura har buroshin ya kusa faɗuwa. "Dubawa kawai nake."

"Da buroshi ake dubawa?"

"Ki tsaya ki ji. Nan wurin kaɗai, ɗan cikin nan. In na bi shi da fari sau ɗaya, shi ke nan, ko ita ba za ta gane ba. Yara za su zo, su koma gida su ce 'yar mai fenti ce da wannan a ɗakinta. Dariya za su yi mata. Don ita nake yi."

Raina ya ɓaci, na ajiye jaka. Na ce, "Don ita ko don sunanka? Yarinyar da ta wuni a kan kujera tana zana abin nan, ita ce ba za ta gane ba? Ta san kowane lungu nasa fiye da kai. Kai ke min kuka ta daina yi maka hira. To wallahi ka taɓa bangon nan, ƙofar ɗakin nan ta rufu a gabanka ke nan, kuma kada ka zo min da mita, ba zan saurara ba."

Ya juya yana kallon ƙwan nan na bango. Can ya ce a hankali, "Ke ba ki san yadda yake ci na ba. Ina kwance ma ganin sa nake."

Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. Lokaci ya ƙure, mai shago ba ta da haƙuri, kuma ba zan zauna gadin ƙato da gemunsa ba. Na ɗauki almakashina na ce, "Ga ka ga bangon. Alkawari kai ka ɗauka, ba ni ba." Na fita na bar shi a tsaye, gwangwanin a buɗe.

Ranar nan ban yi aikin kirki ba. Na ɗinke hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinkewa a baibai. Mai shago ta tambaye ni ko lafiya, na ce fenti ne ke damuna, ta kalle ni kamar na zautu. Na nemi izini na taso da wuri don in riga Gimbiya isa gida, ko da yake ban san me zan yi ba in na tarar ya aikata.

Tun daga bakin layi na jiyo warin sabon fenti. Na ce shi ke nan, mutumin nan ya kashe mu. Na shiga da sauri, sai na yi turus. Ƙofar kicin ɗina ce ke sheƙi, shuɗiya shar. Barandar da muke bi zuwa ɗakuna ta zama fara tas. Ƙarafan taga an shafe su, kujerar tsugunona an shafe, kwandon shara ma bai tsira ba. Na bi ta gefe ina tattare zani, na tura ɗakin Gimbiya. Da'ira na nan da cikinta, ɗigon ma yana nan inda ya bushe.

Na same shi a falo ya baje a ƙasa, ya jingina da kujera, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗago ya ce, "Hannun ne ya ƙi zama, sai na nema masa aiki."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa kusa da shi. Na ce da na san haka ne, da tuni na sa yarinyar nan ta karkata wani abu.

Ranar Asabar ƙawaye suka zo, su uku, da surutu kamar su goma. Muna falo muna jin ihunsu: wayyo labulen, wayyo kantar, wayyo hotunan. Sai wata mai zaƙin murya ta ce, "Babanki ne ya zana miki ranar nan ta bango?" Na ga Baban Gimbiya ya daina tauna abin da ke bakinsa.

"Ni na yi," in ji Gimbiya. "Duk ni na yi. Ko buroshi bai riƙe ba."

"Kai! Don Allah ki zo ki yi min a nawa."

Ya ci gaba da taunarsa, yana wani gyaɗa kai kamar shi aka yaba.

Da la'asar suka tafi. Gimbiya ta raka su ta dawo, maimakon ta wuce ɗaki sai ta tsaya a ƙofar falo, tana naɗe zaren saƙar nan a yatsa tana warwarewa.

"Baba, zaren ne ya miƙe, ko?"

Ya kalle ni tukuna, kamar mai neman izini. Na ɗaga masa gira. Ya ce, "Shi ne. Zaren saƙa ba ya tsayawa wuri ɗaya."

"Tun ranar na ga ta karkace," ta ce. "Kullum in na dawo makaranta ita nake fara dubawa, in ga ko ka gyara."

Baban Gimbiya ya sunkuyar da kai yana murza gwiwa.

"Akwai bangon wajen taga," ta ci gaba. "Ina so in yi wata ƙarama a can, mai kyau sosai. Ka zo ka nuna min yadda ake yi. Nunawa kawai, Baba. Ni zan riƙe buroshi."

Ya miƙe da sauri har ya yi tuntuɓe da tabarma. Ya juya baya yana goge ido da gefen riga, wai warin fenti ne ya shige masa. Mutumin da ya tsufa a cikin fenti! Ban tona shi ba, don ni ma nawa idon ya kawo ruwa.

Suka shige ɗakin, ƙofar a buɗe. Ina kicin ina jiyo shi yana cewa ta nemo igiyar da ba ta miƙewa, ta riƙe fensir a tsaye, kada ta yi sauri. Can kuma sai muryarta ta rufe tasa, tana ba shi labarin malamar lissafinsu da wata yarinya da ta yi barci a aji, yana ta tambaya, "Sai aka yi yaya?" Abinci ya nuna, na sauke, na rufe tukunyar, ban kira su ba.