Dutsen Taimamar Inna Ɗaso

Sufyan ya yi shekara talatin yana karanta yashi, kamfanin mai yana biyansa. Da ya yi ritaya ya dawo gidansu na unguwar Ka'akiyya a Makka da ciwon baya, da tabarau mai kauri, da duwatsu biyu masu siffar guntun taɓarya, irin waɗanda injin haƙa ke zarowa daga can ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Makka sun ga duwatsu iri-iri, amma ba su taɓa ganin wanda ya yi wa dutse kanta a falo ba sai shi.

Iliminsa, in ka ba shi dama, kuma ko ba ka ba shi ba, ga shi. Kogi yana kwasar yashi da laka tun daga tudu, ya yi ta tafiya da su. In ya iso bakin teku sai ya gaji, ya rarrabu kamar yatsu, ya sauke kayansa. Yashi ya kwanta, laka ta rufe shi, wani yashin ya sake hawa, shimfiɗa kan shimfiɗa, shekaru miliyoyi. Yashin ya zama soso mai riƙe man fetur, lakar ta zama murfi. Wanda ya iya gane inda tsohon kogi ya bi, shi zai ce a haƙa nan, kada a haƙa can.

Ɗaya daga cikin duwatsun daga gabashin Saudiyya yake, bakin wani kogi da ya mutu tun kafin a halicci mai ba da labarinsa. Ɗayan daga Neja Delta, inda aka taɓa tura shi aikin mako uku.

Mahaifiyarsa, Inna Ɗaso, a Yawuri aka haife ta, bakin kogin Kwara. Tana da shekara goma sha ɗaya iyayenta suka taso aikin hajji ta Cadi da Sudan, kuma ba su koma ba. Da Sufyan ya dawo daga waccan tafiyar ta Neja Delta ta tambaye shi ko ya leƙa Yawuri. Ya ce aiki ya yi yawa, amma badi zai kai ta da kansa. Badin nan yanzu shekararsa goma sha tara. Ya dai nuna mata dutsen, ya ce yashin kogin garinsu ne ya gangara har teku. Da ta miƙa hannu sai ya ƙara da cewa, a gaskiya mai yiwuwa rabinsa na Binuwai ne. Ta janye hannun.

Bana ciwo ya kwantar da ita. Idanu sun tafi, fata ta yi laushi har likitan mustashfa, wato asibiti, ya ce a rage taɓa ta da ruwa. Sai taimama. Ƙanwarsa Suhaila, wadda ke jinyarta, takan kawo mata wani sulɓaɓɓen dutse ta shafa.

Ranar Asabar da hantsi tsohuwar ta ture dutsen.

"Kira min wanga mai duwatsu."

Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne. Ya zo ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙarar da ta sanar da isowarsa.

"Ga ni, Inna."

"Yawurin da za ka kai ni, na yafe. Kawo min dutsen nan na kogimmu in yi taimama da shi. In taɓa ƙasarmu ko sau guda kafin a kai ni inda za a kai ni."

Ya tafi falo da sauri, ya tsaya gaban kantar duwatsun. Duk dutsen da aka zaro daga rijiyar mai ana ja masa layi ja da baƙi don a san sama da ƙasa, a rubuta sunan rijiya da zurfi. Duwatsun nan biyu kuwa fes suke, kamar jarirai ranar suna.

"Suhaila! Wa ya taɓa min waɗannan?"

"Ni. Tun sharar azumi. Wani ya yi musu zane da alƙalami, da ƙyar ya fita, sai da na sa soson ƙarfe."

"Wanin nan ni ne!"

"To, Yaya, ai ka san kayanka. Shekara talatin."

Ya kamata ya sani. Ya fito da madubin hannu, ya lasa, ya shinshina. Dukansu yashin bakin kogi ne, dukansu tsakin yana ƙara kauri daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, dukansu da siraran layukan laka da ɗan warin mai. Koguna biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba sun yi rubutu iri ɗaya. Zuciyarsa ta fi karkata ga mai duhun, amma karkata ba hujja ba ce.

"Ɗauki ɗaya ka kai mata, yalla maza," in ji Suhaila. "Ba ta gani."

"In kai wa Inna ƙarya ta yi salla da ita?"

"Ka kai mata badi shekara goma sha tara, ba ta mutu ba."

Ya juya kan duwatsun. Ya sa guduma ya ɓanto ɗan gefe daga kowanne, mai duhu a leda ɗaya, mai haske a ɗaya. Abokinsa Talal yana da ɗakin bincike a Jidda. A cikin layukan lakar akwai ƙurar furannin itatuwan da suka rayu a zamanin, kuma itatuwan zamanin biyu ba ɗaya ba ne. A narkar da lakar, a duba a madubin likita, magana ta ƙare. Talal ya ce kwana uku.

Lahadi ta tambaya. Ya ce ana goge shi. Litinin ta sake tambaya, murya ta yi ƙasa.

"Mi kake jira, wanga yaro?"

"Gobe, Inna, in sha Allahu."

"Kai da gobe kun saba," ta ce, kuma har ta yi 'yar dariya.

Talata da safe Talal ya bugo ya ce an gama, zai faɗa masa ta waya. Sufyan ya ce a'a, sai ya gani da idonsa. Ya kama hanyar Jidda. Ya duƙa kan madubin kusan awa guda, yana murna kamar wanda ya tsinci rijiya. Ƙurar itatuwan gaɓar teku da ta ciyawa, sabbin zamani, duk a cikin mai hasken suke. Mai hasken ne na Neja Delta ke nan. Ashe zuciyarsa ma kuskure ta yi. Ya ji daɗin jiran da ya yi.

Yana daidai shingen shiga Haramin Makka wayarsa ta yi ƙara. Suhaila ce. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Yaya, ka taho a hankali. Khalas, Inna ta cika."

Ya iske takalman mata sun cika ƙofa. A ɗaki an lulluɓe ta da farin mayafinta. Suhaila na zaune a ƙasa, ta jingina da gadon.

"Da aka kira azahar ta ce ba za ta yi salla da wancan sulɓaɓɓen ba. Na je falo na ɗauko ɗaya. Ta shafa, ta shafa fuska, ta yi sallarta. Sannan ta riƙe shi ta yi ta ba ni labarin kwalekwale da wata ƙawarta da ban taɓa jin sunanta ba. Ta ce yana da sanyi kamar bakin ruwa." Ta share hanci da gefen gyale. "Ta ce a gaya maka ta gode."

Dutsen yana kan matashi, kusa da inda kanta yake. Mai duhun ne.

Takardar Talal na cikin aljihunsa, an ninke ta huɗu, da hotuna da sa hannu.

"Shi ne, Yaya?" Suhaila ta ɗago kai. "Na ɗauko daidai?"

Sufyan ya ɗauki dutsen. Ya juya shi yana neman samansa da ƙasansa, don sabo.

"Shi ne," ya ce.

Bayan la'asar aka yi mata salla a Harami. Da suka dawo ya mayar da duwatsun kan kantar falo, kusa da juna, bai rubuta komai a jikinsu ba.