Gida Takwas a Allon Maigida

Kwana tara da faɗuwar maigida a shagonsa na kafinta, bakinsa bai sake haɗa kalma ɗaya ba. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Sai asibiti suka kawo masa wani allo mai kama da faffaɗar waya, suka ɗaura a ƙarfen gado ta hannun hagu. Gida takwas ne a fuskar allon, kowane da hotonsa. In ya taɓa kofi, allon ya ce, "Ruwa." In ya taɓa yamutsattsiyar fuska, ya ce, "Ina jin zafi."

Umma, matarsa, ta rasa inda za ta ajiye abin a ranta. Muryar wata budurwa ce siririya, ga mutum da furfura har a gira. Duk sanda allon ya yi magana sai ta waiga ƙofa ta ga wace ce ta shigo.

Amma abin da ya fi tsaya mata a rai 'yan dubiya ne. Surukinsu ya taso tun daga nesa, ya durƙusa gaban gado ya ce, "Baba, ya jiki?" Maigida ya laluba ya laluba, allon ya ce, "Ina son bayan gida." Umma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma ta kira autarsu, wadda ba ta rabo da waya.

"Ke Auta, wannan abin ba shi da tarbiyya ne? A gaishe da ubanki, ya rasa bakin amsawa?"

"Ana iya canzawa, Umma. Amma gida takwas ne kawai, sai an cire wasu."

"Cire. Ruwa da bayan gida ai ina nan zaune. Shekara arba'in ina sanin abin da yake so tun bai buɗe baki ba."

Kafin a gama lokacin dubiya Auta ta cika gidajen: sannu da zuwa, lafiya lau, da sauƙi, ina gajiya, ya yara, na gode, amin, a gaida gida.

Washegari kuwa abin gwanin sha'awa. Abokansa suka zo suna tsokanarsa wai ya samu sakatariya da tsufa. Likita ya zo zagaye, ya tsaya a ƙarshen gado.

"Baba, ya jikin?"

Maigida ya daɗe yana kallon allon. "Da sauƙi," in ji budurwar. Likita ya rubuta, ya wuce gado na gaba.

To, daga nan ne kan Umma ya fara ɗaurewa. Mutum ya ce da sauƙi, amma ga zufa tana tsattsafo masa a goshi, abinci ko cokali biyu ba ya yi. Ba kowa a ɗakin, labule a ja, sai ta ji, "Da sauƙi. Da sauƙi. Amin. A gaida gida."

"Wa zan gaisar, Malam? Ba wanda ya zo."

"Na gode."

"Gida kake so a koma?"

"Ya yara. Ya yara. Ya yara."

Ta ba shi ruwa, ya kawar da kai. Ta juya matashi, ta kashe fanka, ta sake kunnawa. Yana ta jefa ido wajen ƙarshen gado, ta ɗauka sanyi yake ji, ta ƙara masa bargo. Sai ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa cikin kunne. Tsoro ya kama ta. Ko ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa ne? Ko sallama yake yi musu? Ta tambayi nas, nas ta duba takarda ta ce ai shi da kansa ya ce da sauƙi. Umma ta koma kujera ta zauna, ba ta san wa za ta yarda da shi ba, allon ko fuskar mijinta.

Ranar Alhamis da hantsi, kwana uku da canza gidajen, malamar asibitin da ta kawo allon ta dawo zagayenta. Kallo ɗaya ta yi masa ta tsaya cak.

"Wa ya taɓa wannan?"

Ba ta ma jira amsa ba, ta danna can ta danna nan, tsofaffin hotunan suka dawo. Hannun maigida ya faɗa kan yamutsattsiyar fuskar.

"Ina jin zafi. Ina jin zafi. Ina jin zafi."

Malamar ta buɗe masa hoton jikin mutum, ya taɓa ƙafar dama. Ta yaye barguna biyun. Daga gwiwa zuwa idon sawu ƙafar ta kumbura suntum, tana sheƙi, zafi kamar an cire ta daga wuta.

Nan da nan ɗakin ya cika. Likita ya ce da alama jini ne ya daskare a jijiya, in ya ɓalle ya kai huhu, sai dai wani ikon Allah. Ya juyo wajen Umma.

"Mama, tun yaushe yake kukan ƙafar?"

"Ban sani ba," ta ce.

Malamar ta fito da lambobi a allon ta sunkuya kusa da shi. "Baba, kwana nawa?"

"Uku," in ji budurwar.

Umma ba ta buƙaci lissafi ba. Aka kwance birkin gado, aka ɗauke ledar ƙarin ruwa daga marataya, masu turawa suna cewa a ba da hanya.

"Ni na sa aka cire," ta ce. "Malam, ni ce."

Gadon ya riga ya fita ƙofa.