Ƙanzon Hajiya Rabi

Mijina Shu'aibu mutum ne da bai iya roƙo da baki ba, sai dai ya shirya hidima. Da kamfanin jiragen ruwan da yake wa aiki a tashar Jebel Ali, nan Dubai, ya ce zai mayar da shi tashar Balensiya a ƙasar Sifen, bai iya faɗa wa mahaifiyarsa ta waya ba. Sai ya aika mata tikiti ta taso daga Gusau. Ya rantse mini ba zai sa ƙafa a jirgi ba sai da yardarta, kuma na san halinsa, ba zai sa ba.

Dabararsa ita ce ya nuna wa Hajiya Rabi Sifen a nan Dubai, wai don ta ga ba dajin Allah zai kai jikarta ba. Ranar Asabar muka ɗunguma, ni da shi da ita da 'yarmu Maimunat, zuwa wani katafaren kanti da aka gina wani sashensa irin ginin Andalus. Bakunan ƙofofi masu ratsin ja da fari, rufi mai zane kamar hular zanna, ga zakunan dutse suna tsartar da ruwa. Shu'aibu sai zuba yake kamar ɗan jagora, wai Musulmi ne suka yi irin wannan gini a can tun zamanin da. Hajiya ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Masha Allah," ta gyara mayafinta. Ta riga ta gane inda aka dosa, ai ba a yi wa tsohuwa wayo.

Daga nan sai gidan abincin Sifaniyawa. Aka kawo shinkafa a wani faffaɗan kasko, rawaya, da kaza da jatan lande. Bayan an zuba wa kowa, mai hidimar ya kankare ƙasan kaskon, ya tara ƙanzon a faranti, ya ajiye gaban Hajiya har da ɗan rusunawa.

Ƙanzo, ga surukata, a bainar jama'a! Na harari Shu'aibu, sai na ga bawan Allah yana washe baki.

"Hajiya, ni na ce a ba ki," in ji shi. "A wurinsu nan ne daɗin abincin, rububinsa ake yi. Tun da na ji haka na ce sai na kawo ki. Murja, ba ki san Hajiya da ƙanzo ba? Muna yara, bayan rasuwar Baba, kullum ta zuba mana tuwo sai ta ja tukunya gefe, ta ce ita ƙanzo take so."

Hajiya ta daɗe tana kallon farantin. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, don haka ni ta fuskanta.

"Murjanatu, kin ji yaron nan? Har ya yi furfura a gemu." Ta ɗan murmusa. "Wa ke son ƙanzo? Tuwon ne ba ya isa."

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Shu'aibu ya ajiye cokali. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don mutum ya kai wannan shekaru bai taɓa tambayar kansa ba.

Hajiya ta sa hannu ta gutsuri ƙanzon, ta tauna a hankali saboda haƙoranta. "Wannan kam da mai," ta ce, ta miƙa wa Maimunat sauran. Sannan ta goge yatsunta.

"Ba sai an yi ta yawo da ni ba. Na san aiki ne zai kai ku can. Ku je, Allah ya tsare. Ni zaman ni kaɗai ma ya fi mini daɗi, ba hayaniya."

Abin da ya kawo ta dominsa ke nan, ya samu ba tare da ya roƙa ba. Na zaci zai yi hamdala. Sai na ga ya ƙura mata ido, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi mata ba.

"Hajiya," ya ce, "haka kika riƙa cewa a kan ƙanzon."

Ta jawo kaskon gabanta, ta ɗebo tsokar kazar da ta rage, ta sa masa a faranti.

"Ci abincinka, zai huce."