Kanular da Takwara Ta Sa

Tun ranar da aka kwantar da Kaka a ɗakin mata na asibiti, babu wanda ya shigo ya fita bai ga bayan hannunta na dama ba. Ko kai mai shara ne, ko dubiya ka zo wurin ta gadon ƙarshe, sai ta yafito ka ta ɗaga maka hannun. A kai akwai kanula, 'yar robar nan da ake sakawa a jijiya don a riƙa zuba magani ba sai an yi ta huda mutum ba, an manne ta da filasta mai shara-shara.

"Kun gani? Jikata ce ta sa. Sau ɗaya tak."

Ba ƙarya take yi ba kuwa. Ranar da aka kawo ta, zazzaɓi da ciwon ƙirji sun tsotse ta, jijiyoyinta duk sun ɓuya. Nas biyu suka gwada suka haƙura. Sai jikarta, wadda take kira Takwara saboda sunanta ta ci, ta sunkuya ta shafa bayan hannun, ta lalubo wata siririyar jijiya ta shige. Yarinyar sabuwa ce fil a aikin, har yanzu gwada ta ake yi, ba a tabbatar da ita ba. Kaka ce ta raine ta tun tana rarrafe, saboda haka wannan roba ta fi mata awarwaron zinare. Wata mai sana'ar ɗinki da ke gadon kusa da ita ta ji labarin har ta haddace, in Kaka ta tsaya tari ita ke ƙarasa wa baƙo.

To, da safiyar nan abu ya canza. Nas ɗin safe ta zo da sirinji, tana fara tura magani Kaka ta ji kamar an ɗiga mata ruwan zafi a cikin hannu.

"Da zafi, Kaka?"

"Ina! Hannun jikata ai ba ya ciwo."

Ta ja nas ɗin da hira, ta tambayi mijinta da 'ya'yanta da surukarta, har baiwar Allah ta gudu. Kafin rana ta take, wurin ya yi ja, ya ɗan tasa, jan ya fara bin hannun yana hawa. Kaka ta dube shi, ta sake dubawa.

Ba hannun take ji ba. Kaka ta ƙare ƙuruciyarta tana wanki da guga a gidajen mutane, ta san yadda duniya take da sabon ma'aikaci: ka goge riga dubu lafiya, ka ƙona ɗaya, a nuna maka ƙofa. Ga Babbar Sista, shugabar ɗakin, doguwar mace mai tabarau a kan hanci, wadda in ta yi gyaran murya har mai tura keken abinci sai ya gyara tsayuwa. A lissafin Kaka, da zarar matar nan ta ga kumburin za ta tambayi wa ya sa, shi ke nan an kori Takwara, duk karatun nan ya bi ruwa. Kuma ga bakinta da ya riga ya sanar da asibitin kaf wa ya sa. Sai ta ja mayafi ta rufe hannun, ta ce a ranta a bar kaza cikin gashinta.

Da la'asar Takwara ta karɓi aiki. Ta shigo da faranti a hannu, ta tsaya a gaban gadon tana kallon kakarta.

"Kaka, yau ba talla?"

"Tallar me?"

"Na wuce 'yan dubiya a ƙofa, babu wanda ya ce mini sannu mai sau ɗaya tak. Ko kasuwar ta faɗi?"

"Sanyi nake ji."

"A hannu ɗaya?"

Kaka ta yi kunnen uwar shegu, ta juya tana nazarin fankar sama kamar yau ta fara ganinta. Takwara ta je famfo ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta dawo ta ɗaga mayafin a hankali. Murmushinta ya ɗauke. Ta taɓa gefen wurin da yatsa, Kaka ta cije leɓe.

"Tun yaushe?"

"Ke, rufe. Rufe kafin ta tabarau ta zo." Kaka ta rage murya. "Ki zo da man zafi ki shafa mini, gobe ya sace. Ba wanda zai ji."

"Wannan ba ta man zafi ba ce, Kaka. Jijiyar ce ta fusata. In aka bar robar a ciki ƙwayar cuta za ta iya bi ta shiga jini, mu koma neman ranki gaba ɗaya."

"To cire a ɓoye."

"Cirewa yanzu zan yi. Ɓoyewa ce ba zan yi ba."

Ta ɓare filastar, ta zare robar, ta danne wurin da auduga. Sannan ta ɗaga kai ta kira Babbar Sista da bakinta. Kaka ta rufe ido. Ta ji haushin yarinyar, ta ji tausayinta, ta kuma ji haushin bakinta da bai iya yin shiru ba tun farko.

Sista ta zo ta gyara tabarau, ta juya hannun ta duba, ta bi jan da yatsa ta ga inda ya tsaya. Kafin ta buɗe baki Kaka ta riga ta.

"Ranki ya daɗe, laifina ne. Ni na kwana a kai. Ni na jiƙa shi. Ni na yi ta ɗaga shi ina nuna wa jama'a. Yarinyar nan ba ruwanta, in kora ce ni za ki kora."

"In kore ki ki tafi ina, Kaka, da ƙirjin nan naki?" Sista ta juya ga Takwara. "Da kyau da kika ɗaga kika duba. A sa mata tsumma mai ɗumi, a ɗora hannun a kan filo, a riƙa dubawa. Sabuwa kuma a ɗaya hannun." Ta sake duban Kaka. "Jijiya gajiya take yi, ko wa ya sa robar. Abin da ba na yafewa shi ne a gani a rufe."

Kaka ba ta yarda ba. Ta ɗauka irin maganar manya ce a gaban mutane, hukuncin yana ofis. Tana cikin wannan zullumi sai aka yi gyaran murya a gadon kusa. Mai ɗinki ce, tana zaro hannu daga ƙarƙashin bargo kamar mai fito da kayan sata.

"Tunda ba kora ake yi ba, nawa ma yana ɗan yi mini zugi tun ɗazu."

Kaka ta yi wuf ta leƙa. "Wa ya sa miki?"

Mai ɗinki ta sunkuyar da kai, ta nuna Babbar Sista da leɓe.

Kowa ya juya ya dubi Sista. Sai Sista ta cire tabarau ta fashe da dariya, irin dariyar da babu wanda ya san tana da ita. Ta gadon ƙarshe ta kama, 'yan dubiya suka kama, Kaka kuwa ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta sai da aka ba ta ruwa. Daɗi ya cika ta har wuya. Ashe har ta Sista tana kumbura, kuma ga Sista nan tsaye da aikinta.

"Kun haɗa baki ke nan," in ji Sista tana share ido. "Ɗaya tana kare jika, ɗaya tana kare shugaba. Bari in wanke hannu in cire abin kunyata. Kaka, in na gama in zo in sa miki sabuwar da kaina?"

"A'a, ranki ya daɗe. Mun ga aikinki."

Kaka ta miƙa wa Takwara hannun hagu. Yarinyar ta sake wanke hannu, ta sa sabuwar safa, ta ɗaura igiyar roba a damtse, ta zaɓi jijiya a sangalin hannu nesa da gaɓa. Ta goge fatar da magani ta jira ta bushe, ba ta ko hura ba.

"Kaka, sharaɗi ɗaya. In da zafi ki faɗa."

"Ni? Ƙarfen guga ya ƙone ni ban ce uffan ba."

"Na sani. Ina wurin. Kin ce mini ba komai, kika ajiye gugar kika yi mini kitso."

Kaka ta dube ta da mamaki. Ba ta san yarinyar ta lura ba, lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Allurar ta shiga, jini ya leƙo a gindin robar, Takwara ta tura robar ta zare ƙarfen. Kaka ta dubi kan jikarta a sunkuye, ta ga yadda take jira.

"Da zafi," ta ce a hankali. "Kaɗan."

Takwara ba ta ɗago ba. Ta manna filastar tana dariya, tana goge ido da kafaɗa.

"Sannu, Kaka," ta ce. "Sannu."