Kogin da Ya Dawo da Pacita

Marigayi Mang Gusting mai fenti ne, amma na motocin haya: dawakai, taurari da fuskokin waliyyai a jikin jifni, wato ƙananan bas-bas na garinsu. Sau ɗaya tak ya sayi yadi da fentin mai ya yi zane irin na manya, shi ne wanda ke rataye a gidan abincin matar ɗansa, a unguwar Santa Ana. Abin da ya zana tsohuwar ganuwar Santiago ce a bakin kogin Pasig. Ba a yi wa mamaci ƙarya: ganuwar ta ɗan karkace kamar mai ciwon baya, kwalekwalen da ke gabanta kuwa ya kusa kamo ta girma. A ciki ga wata mace da jar lema, an ƙara mata kumatu a kan waɗanda Allah ya ba ta. Matarsa ce, Aling Pacita, wadda ta tsufa tana gaya wa kowa cewa yawon shan iska ya kai ta ranar. Duk sanda ta faɗi haka a gabansa, sai tari ya kama Gusting ya fita waje.

Ɗansu Rodel a jirgin ruwa yake aiki, kuma an yi ta ɗaga ranar dawowarsa har matarsa Charito ta daina tambaya. Ita ke riƙe da gida da sayar da taliya. Da ciniki ya ja baya, sai ta aika wa gwaggonta Tita Luming ta unguwar Binondo, wadda ta san ta inda sa'a ke shiga gida da ta inda take sulalewa.

Tita Luming ta sa aka juya teburi, aka sauke madubi, sannan ta ja ta tsaya a gaban zanen. Ta ce ruwa arziki ne, ga hancin kwalekwale yana kallon ƙofa, wato kogin nan kwasar komai yake yana zubawa a titi. Dole a cire shi.

Pacita ta yi saurin sa baki. Ta ce to a mayar da shi ɗaya bangon. Can kuwa mazaunin mutum-mutumin Jariri Yesu ne da kyandirorinsa, babu mai ƙarfin halin ce masa ya matsa. Ta ce a kai ɗakinta. Tita Luming ta kaɗa kai, ta ce ruwa a ɗakin kwana ai gudun gara ne a faɗa gidan zago. Wuri ɗaya ya rage: ƙarƙashin matakala, tare da matacciyar fanka da fitilun Kirsimeti.

Pacita ta dubi zanen. Shi kaɗai ya rage mata na hannun mijinta, motocin da ya yi wa ado duk sun tafi wurin masu gwangwan. Tana da abin da za ta kare shi da shi, amma sai ta zubar da girman da ta daɗe tana tattali. Ta san kuma duk inda Gusting yake a lahira, dariya yake shiryawa.

"Luming, kin dubi mai kwalekwalen kuwa?" in ji ta.

Suka matso. Mutumin ya ɗora hannu biyu a ka. Kowa a gidan ya ɗauka Gusting ne bai iya zana yatsu ba, ya ɓoye su a gashi.

"Injinsa ne ya mutu. Wancan abin a ƙafata kuma ba kwandon abinci ba ne, akwatina ne. Yaji na yi."

Charito ta ajiye ludayi. Pacita ta ba su labarin tana kallon ƙasa. Suna sabon aure Gusting ya zana wata waliyyiya a jikin mota, ta fito sak wata mai sayar da kifi a layinsu. Pacita ta tattara kayanta ta hau kwalekwale zuwa bakin teku, za ta kama jirgin Iloilo, garin iyayenta. Ya biyo ta har matakalar da ke fuskantar ganuwar, ta ƙi ko waiwayowa. Ba su yi nisa ba inji ya tsaya. Lokacin zafi ne, lokacin da teku kan turo Pasig ya juya da baya. Haka ruwan ya taho da su sannu a hankali tare da kainuwa, hanci na kallon teku, har gindin matakalar. Ga Gusting zaune yana ɓarar dafaffiyar gyaɗa.

"Me ya ce, Nanay?" Charito ta tambaya, da sunan da take kiran uwar mijinta.

"Cewa ya yi, 'Har kin dawo? Ya mutanen Iloilo?'"

Tita Luming ta yi dariya har da share hawaye. Da ta natsu ta ce ita dai abin da ido ya gani take karantawa, hanci na kallon ƙofa, sauran kuma ya rage wa masu gida. Charito kuwa ta koma kan tukunyarta. Wannan ya fi komai yi wa Pacita ciwo, don ta ga ta sayar da sirrinta a banza.

Da safe Pacita ta sauko da tsohon zani, don in za a kai zanen ƙarƙashin matakala, gara ta naɗe shi da hannunta. Ta tarar da zanen a inda yake, an goge masa ƙura. An rataya masa zaren fararen furanni irin wanda ake sayo wa Jariri Yesu. A kusurwar katakon da ya kewaye zanen, ta ɓangaren teku, an soke ƙaramin hoton Rodel cikin fararen kayan aiki.

Charito na yanka kabeji, ba ta ɗago kai ba.

"Nanay," ta ce, "wane wata ne ma kogin yake juyowa?"