Yatsun Mai Gyaran Agogo

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma duk gidanmu babu mai taurin kansa. Shekara tara ke nan da yatsunsa suka kumbura har ɗan hantsakin aiki ya gagare shi riƙewa. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ta haukace tana cin gaɓoɓinsa, ya ɗora shi kan ƙwayar sitiroyid, uku kowace safiya, don ta tsawata mata. Kumburi ya lafa, Yaya ya koma teburinsa.

Sai dai abin da ƙwayar ta ba shi a yatsu, a ido ta riƙa karɓewa. Fuska ta yi suntum, yanar ido ta fara rufe masa gani. Sai in gan shi yana lalubar ƙusar da ke gaban hancinsa, in na nuna masa ya ce wa ya aike ni.

Bara aka fara gwajin wani sabon magani a asibiti, wanda ake fatan zai kwantar da kumburi bai taɓa ido ba. Matar da ke rubuta sunaye ta ce sai wanda ya sauka zuwa rabin ƙwaya za a ɗauka, kuma saura kwana goma a rufe. Likita kuwa ya ce saukar wata huɗu take ci, domin jikin da ya saba ana ba shi ya daina yin nasa sinadarin, sai an tashe shi a hankali. Ina zaune aka faɗa, da kunnena na ji.

Muna komawa shago Yaya ya miƙo mini kwalbar maganin.

"Riƙe mini, ƙanwata. Ko na roƙe ki, kar ki ba ni."

Na karɓa. Har yau ina jin haushin kaina, don a lokacin daɗi ma na ji wai ni ya zaɓa.

Kwana uku ya fara amai da jiri. Rana ta huɗu ya roƙe ni ƙwaya ɗaya tak, murya ƙasa-ƙasa, na hana shi, ni ga mai riƙon amana. Washegari ya kife daga kujera, goshinsa ya daki bakin tebur.

A asibiti aka ce jininsa ya sauka, saura ƙiris. Allurar sitiroyid ɗin dai aka yi masa ya farfaɗo. Likita bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce maganar gwaji ta wuce, kuma yanzu ƙwaya shida Yaya zai riƙa sha har sai abin da hali ya yi.

Da safe ma'aikaciyar jinya ta miƙo masa su a tafin hannunta. Ya kai yatsunsa, lafiya lau, ba kumburi ko kaɗan, ya cafki iska a gefen hannun matar.

"Ina suke, ƙanwata?"

Na ɗebo su, na zuba masa a hannu, ya haɗiye.