Tukunyar Sallama a Bakin Matattakala

"Ba zan kwashe kayana ba, Yallaɓai," na ce wa Manaja Bang.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malama Pyo, ranar Asabar muka sha bikinki. Har tukunyar sallama mun ba ki."

Haka ake yi a kamfaninmu na takalma a birnin Busan. In mace ta yi aure, abokan aiki su saya mata tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, ta yi godiya, ta tafi ke nan. Amma zamani ya juya. Mun fita titi zanga-zanga mun samo 'yancin zaɓe, majalisa kuma ta yi doka cewa aure ba ya korar mace daga aiki. Ni kuwa ba don dafa shinkafa na yi jami'a ba.

Da korata ta gagara, sai aka fitar da teburina bakin matattakala, inda iskar teku ke kaɗowa. Ba waya, ba aiki.

Washegari na zo da tukunyar, na jona ta a bango.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Manaja.

"Kyautarku ce, Yallaɓai. Ba ku ce a gida kaɗai take aiki ba."

Da rana ta take, ƙamshi ya cika benen. Sun-deok mai tafireta ce ta fara leƙowa, da kwanon kimchi, kabejinmu mai yaji, a ɓoye cikin rigar sanyi.

"Yaya, in ya gan ni na shiga uku."

"Zauna, ke. Shi agogo kawai yake gani."

Sannu a hankali muka zama taro, wannan ta kawo busasshen kifi, waccan ganyen teku. Wata rana Manaja da kansa ya ja birki, ya ce shinkafar ta yi ruwa.

"A ɗanɗana kafin a kushe, Yallaɓai."

Ya ci a tsaye, yana kallon bango, ya miƙo kwano a ƙara.

Da sanyi ya wuce, Sun-deok ta yi aure. Aka rasa wanda zai saya mata tukunya. Ranar Litinin ta zauna a kujerarta ta cikin ofis, ba wanda ya ce ta kwashe kayanta.

Ni ba a mayar da ni ciki ba sai da Bang ya yi ritaya. Samarin da na koya wa aiki duk sun zama shugabannina, ba a taɓa ƙara mini girma ba, gwiwoyina kuma har yau ciwo suke in sanyi ya shigo.